Komawa gas a sana'ar abinci a Zariya: tambayoyin masu girki da amsoshinsu

Tambayoyin nan su ne ke yawo a bakin masu dafa abincin sayarwa: masu tuwo da shinkafa na kusa da jami'a a Samaru da Kongo, masu shayi na Kwangila da PZ, matan da ke suyar waina da ƙosai a Tudun Wada da cikin birni, da masu girkin biki. Kusan kowa da maganar tallafi yake farawa, don haka da ita za mu buɗe. Amma mai karatu ya daure ya kai inda ake maganar kan gas (wato bakin murhun da wuta ke fita ta cikinsa) da sikeli, domin a can mafi yawan kuɗin mai abinci ke zurarewa.

Wai da gaske akwai tallafin gwamnati ga mai abincin da ke son komawa gas?

Akwai rangwame, sai dai ba a ƙirga wa mutum shi a hannu. Tun 2017 Najeriya ta fitar da manufarta ta ƙasa kan iskar gas, a watan Maris na 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana shekarun 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na gas. Abin da ya fi shafar mai girki shi ne haraji. A ƙarshen 2023 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta ba da umarnin ɗauke kuɗin kwastam da harajin VAT daga gas ɗin girki da kayansa da ake shigowa da su. A Oktoban 2024 ministan kuɗi Wale Edun ya sanar da sabon umarni da ya cire VAT daga gas ɗin girki da kayan girki marasa hayaƙi. Kafin nan, a 2022, kamfanin sarrafa iskar gas na NLNG ya ce duk gas ɗin girkin da yake samarwa zai riƙa sayar da shi a cikin gida. A 2024 ɗin ne kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta.

Duk waɗannan a wajen mai shigo da kaya da babban dillali suke fara sauka. Ko za su iso teburin mai shayi a Dan Magaji, wannan ya danganta da farashin dala, da kuɗin motar da ta ɗauko gas ɗin daga Kudu, da kuma adalcin waɗanda ke tsakani. Amfanin sanin su a gare ka shi ne, idan mai sayar da silinda ko regileta (na'urar da ake ɗaurawa a kan silinda don daidaita fitar gas) ya ce haraji ne ya sa ya tsawwala, kana da bakin magana.

Na ji a Amurka kamfanin gas na mayar wa mai gidan abinci wani abu daga kuɗin kayan da ya saya. Me ya hana a yi mana haka?

Haka ne. A can akwai tambarin Energy Star da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta fara a 1992, wanda ake manna wa kayan da aka gwada aka ga ba sa ɓarnar makamashi, har da manyan kaskon suya da tandar gasa burodi. Kamfanonin gas da dama na biyan mai gidan abinci wani kaso idan ya sayi irin waɗannan. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne gas ɗin ta bututu yake shiga shago, da mita, da suna a rajista, hukumar jiha kuma na sa wa kamfanin ido. Mu nan silinda muke ɗauka a bayan mashin mu kai a ɗura, yau a wannan wuri gobe a wancan. Mai ɗura gas ribarsa tana cikin yawan kilon da ka saya, babu abin da zai sa ya biya ka don ka rage. Darasin da ya kamata mu ɗauka daga wancan tsarin shi ne gwaji: kaya biyu na iya kama da juna a ido, amma ɗaya ya fi ɗaya shan gas nesa ba kusa ba.

An turo min saƙo a WhatsApp cewa in cike fom in biya kuɗin rajista a ba ni silinda kyauta.

Kada ki biya, Hajiya, kuma kada ki ba kowa lambar BVN ko lambar sirrin katinki. Rabon silinda na gaskiya yakan faru jefi-jefi, amma ta hannun hukuma ko ƙungiya mai ofis da za ki iya takawa ki shiga, kuma yawanci ƙananan silinda ne na girkin gida, masu kilo 3 ko 6. Ba za su ɗauki tukunyar sayarwa ba.

To ina zan samo kuɗin sayen kayan?

Ga ƙaramin mai sana'a, adashi ya fi komai. Mai shayi ko mai ƙosai silinda ɗaya mai kilo 12.5 da kan gas mai kyau da regileta da tiyo sun ishe shi, kuma wannan kwasar adashi ɗaya ko biyu ce, ba tare da kowa ya bi shi bashi ba. Masu abinci biyar ko shida a layi ɗaya idan suka haɗa kai suka saya tare, suna iya karya farashi a Sabon Gari, ko su aika Kano a sayo musu a sari.

Wanda shagonsa ya girma, yana buƙatar silinda masu kilo 50 guda biyu ko uku da kawuna da yawa, shi ne zai duba banki. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin murabaha: bankin ya sayi kayan, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Wannan ya dace da sayen kayan aiki, domin abin da aka saya a fili yake. Akwai kuma ƙananan bankuna, da Bankin Masana'antu, da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i. A mafi yawan wuraren nan abu uku za a nema: rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, asusun banki da ke nuna kuɗi na shiga yana fita, da shaidar ciniki. Mai abincin da duk cinikinsa a aljihu yake ƙarewa, ko da yana sayar da buhun shinkafa a kwana biyu, a idon banki ba shi da komai. Ka fara rubuta ciniki a littafi tun yau, ka riƙa zuba kuɗin a asusu.

Gargaɗi na musamman ga masu dogaro da ɗalibai. A 2022 yajin aikin ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk mai shago a Samaru ya san yadda garin ya yi tsit. Bashi ba ya tafiya hutu. Idan za ka ci, ka lissafa biyansa da cinikin watan da makaranta ke rufe.

Gas ya fi itace da gawayi araha kuwa? Ni dai na ga kilo na ta tashi.

Farashin kilo shi kaɗai ba ya ba da amsa, sai an duba nawa ne daga zafin ke shiga tukunya. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafi wajen ninki uku na kilo ɗaya na busasshen itace, da wajen ninki ɗaya da rabi na gawayi. Sannan murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai na zafin yake kai wa tukunya, saura ya bi iska. Kan gas mai kyau yana kai fiye da rabi. Idan aka haɗa lissafin, kilo ɗaya na gas yana iya aikin itace kilo goma ko fiye, ko gawayi kilo uku zuwa huɗu a kurfoti na gargajiya.

Yanzu ki ɗauki wannan ki gwada da kasuwar unguwarku. Ki auna daurin itacen da kike saya, ki ga nawa kilo goma ya kama, ki kwatanta da kuɗin kilon gas. Wadda ake kawo wa kara ko itace daga ƙauye a araha, ta wajen Giwa ko Soba, lissafinta zai iya nuna itace ya fi sauƙi, musamman da rani. Wadda ke saye a tsakiyar gari da damina, lokacin da itace ke jiƙe gawayi kuma ya yi tsada, sau da yawa gas zai ba ta mamaki.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin ciniki. Sabulun wanke tukwane masu baƙi, lokacin da ake ɓatawa wajen hura wuta da asuba, gawayin da ke ci gaba da ci bayan an sauke girki. Sai ido da ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Matar da ta shekara ashirin a gaban kaskon waina, da goyo a bayanta, ba sai an karanta mata rahoto ba. Wannan kaɗai ya isa a yi maganar da gaske.

Wane irin kan gas ne ba ya shan gas da yawa?

Nan ne gizo ke saƙa. Mafi yawan masu abinci da suka ce gas ya cinye musu riba, ba gas ɗin ne ya ci su ba, kan da suka saya ne. Akwai manyan kawuna masu ruri, waɗanda ake haɗawa da regileta mai ƙarfin turi, wutarsu na tashi tana lasar gefen tukunya har ta wuce baki. Mai saye ya ga wuta ya ji ƙara sai ya ce wannan ne mai aiki. Alhali duk harshen wutar da ya fito daga ƙarƙashin tukunya ɗakin yake dafawa.

Abin da za ka duba kafin ka biya: faɗin kan ya dace da gindin tukunyarka, wutar ta tsaya a ƙarƙashi. Ya kasance yana da ƙofar iska da ake iya buɗewa da rufewa a wuyansa. Idan mai zobe biyu ko uku ne, kowane zobe da makunninsa, domin idan miya ta tafasa ka kashe na waje ka bar na ciki. Wannan makunni ɗaya yana rage gas fiye da yadda ake zato, saboda ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan wutar da ka ba shi, tururi kawai zai ƙaru. Tazarar kai da tukunya ma abin lura ce: idan ta yi nisa zafi ya watse, idan ta matse wuta ta shaƙe ta yi ja.

Sannan teburin da maƙeri ko mai walda zai yi maka. Ka sa ya kewaye wutar da ƙarfe ta gefe uku don tare iska, ya bar ƙofar shan iska ta ƙasa. Idan tukunya ɗaya kake amfani da ita kullum, ya yi mata riga ta ƙarfe da ke kewaye gefenta da 'yar tazara kamar kaurin yatsa, zafin da ke tashi ya bi jikin tukunyar kafin ya fita. Masu walda a Zariya za su iya wannan idan ka kai musu tukunyar suka auna. Silinda ce kawai ba a yarda mai walda ya taɓa ba, ko ƙira ko faci.

Saura ɗabi'ar girki ce. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. Ganda da ƙafar saniya da wake a sa su a tukunyar nan mai tsare tururi da ake kira furesha, tana rage lokacin dahuwa sosai. A yanka komai a jera kafin a kunna wuta. Mai shayi ya tafasa ruwa ya zuba a manyan filas maimakon ya bar butar na ta ɓararraka tun magariba har sha biyun dare. Mai suya kuma ya guji kaskon da ya fi cinikinsa girma, domin man da ba a buƙata ma sai an zafafa shi.

Yaya zan tabbatar sabon kan ya fi tsohon?

Da sikeli. Ka auna silinda da safe kafin ka kunna, ka sake aunawa bayan an tashi, ka rubuta bambancin tare da mudun shinkafa ko garin da ka dafa a ranar. Ka yi haka mako guda da tsohon kai, mako guda da sabo. Wanda ya ba ka ƙarancin gas a kan kowane mudu shi ne naka, ko da mai shago ya rantse da ɗayan. Wannan rubutun kuma shi ne za ka nuna wa banki ko ƙungiya in ana maganar rance.

Wutata ja take yi, tukunya na baƙi kamar a itace.

Iska ce ta yi mata kaɗan. Ki buɗe ƙofar iskar a hankali har wutar ta koma shuɗiya. Idan ba ta gyaru ba, ki kashe, ki bari ya huce, ki goge ramukan kan da burushi, domin miya da mai da ƙurar hunturu na toshe su. Jar wuta asara ce, kuma tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, don haka kada a yi girki a ɗakin da ba taga.

Da sanyin hunturu wutata na yin rauni da asuba, jikin silinda ya yi raɓa, alhali akwai gas a ciki. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Gas ɗin a ruwa yake a cikin silinda, sai ya ja zafi daga jikin ƙarfen kafin ya zama iska. Idan babban kai na zuƙa da ƙarfi daga ƙaramar silinda, sai ta yi sanyi, turinta ya faɗi. Gas ɗinmu ya fi yawan sinadarin butan, wanda ke daina tashi idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa, shi ya sa abin ya fi tsanani a Disamba da Janairu, kuma a lokacin da silinda ta kusa ƙarewa.

Maganin shi ne babbar silinda, ko a sa ƙwararre ya haɗa guda biyu su riƙa ba da gas tare. Abin da wasu ke yi na kwantar da silinda, ko zuba mata tafasasshen ruwa, ko matso da ita kusa da wuta, don Allah a daina. Silindar da aka kwantar ruwan gas take turowa cikin tiyo, wutar da zai tayar ba mai iya tare ta.

Ina zargin ba a cika min kilo a wurin ɗurawa.

Kowace silinda ta gaskiya an buga nauyinta na wofi a wuyanta ko hannunta. Ki sa a ɗora ta a sikeli a gabanki kafin a ɗura da bayan an ɗura, bambancin shi ne abin da za ki biya. Idan yaro kike aika, ki mallaki sikelinki a shago. Kuma kada ki roƙi a danna miki fiye da ƙa'ida: ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na silinda babu ruwa da gangan, saboda gas na kumbura da zafi, zafin Maris da Afrilu kuwa kin san shi. Wurin ɗura gas mai izini lasisinsa daga hukumar NMDPRA mai kula da harkar sayar da mai da gas yake, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, kina da damar tambaya.

Gaskiya tsoron fashewa ne ya hana ni.

Tsoron yana da tushe. A Janairun 2020 fashewar gas a wani shagon ɗurawa a Sabon Tasha, Kaduna, ta kashe mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Irin wannan yawanci daga ɗura gas daga silinda zuwa silinda a cikin jama'a yake fitowa, ko tsohuwar silinda, ko tiyo da ya tsage.

Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sa wa silinda wa'adin shekara 15, tare da gwaji duk shekara 5, kuma shekarar ƙira na buge a jikinta. Wadda aka shafe wa rubutu da sabon fenti, ko gindinta ya yi tsatsa, a bar wa mai ita komai arharta. Silinda ta zauna a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa, in da hali a waje da ɗakin girki. Tiyo na gas za a saya, ba na ban ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da maɗauri na ƙarfe. Duk ranar da aka canza silinda a shafa kumfar sabulu a mahaɗa. In ta yi ƙwai, yana yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata da rami, don haka in an ji warinsa a rufe silinda, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a tayar da janareta. A ajiye abin kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, kuma kowa a shagon ya san yadda ake buɗe shi.

Tuwo na tuƙuwa a kan gas? Kuma ɗanɗano fa?

Yana tuƙuwa sarai, in teburin gajere ne mai faɗin ƙafa da zai riƙe tukunya lokacin da ake juya muciya. Har ya fi sauƙi wajen sulala, domin kina iya rage wuta yadda ba zai kama ba. Waina da ƙosai ma sun fi fitowa daidai a wutar da ba ta hawa da sauka. Tandar waina dai tana son kai mai faɗi da zai raba zafi ga dukkan ramuka.

Tsire da balangu kuwa a bar su inda suke. Hayaƙi da garwashi na cikin abin da mai saye ke biya. Dafa-dukar biki ma akwai masu son ƙamshin itace a jikinta. Babu dokar da ta ce sai an koma gas gaba ɗaya: shagunan da suka fi tsira su ne masu miya da suya da shayi a gas, da murhun gawayi na zamani mai tsare zafi a gefe, wanda kuma zai cece su ranar da gas ya yi wuya a gari.

Idan bututun AKK ya fara aiki, gas ɗin girki zai yi araha a Zariya?

Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, wani irin gas zai ɗauko daban da na silinda. Nasa na tashoshin lantarki ne da masana'antu da motoci masu amfani da gas ɗin CNG maimakon fetur. Kada mai abinci ya jingina lissafinsa a kansa, kuma kada a taɓa ɗura CNG a silindar gas ɗin girki, ko gas ɗin girki a silindar CNG.

Ina da yara huɗu a shago, ni ba kullum nake nan ba. Yaya zan yi da su?

Malam, ka ware ɗaya, mai hankali a cikinsu, ya zama shi kaɗai ke canza silinda da gwada kumfa, kuma shi ke rufe kan silinda da dare kafin a kashe makunnin murhu, don gas ɗin da ke cikin tiyo ya ƙone. Ka koya wa sauran kunna ashana kafin buɗe gas. Ka rataye littafin awo kusa da sikeli, kowace safiya da dare a rubuta. Idan gas ɗin mako ya ragu ba tare da ciniki ya ragu ba, ka ba su wani abu daga rarar a hannu, a ranar da aka yi lissafin, a gaban kowa.